Faɗan da Ban Yi Ba

Kai da ka buɗe wannan littafi, rufe shi, ba naka ba ne. Idan kuma ke ce, Auta, na san yadda na ajiye shi a ƙarƙashin zannuwan gado, in na tarar ya karkace ko da kaɗan ne za ki yi mini bayani. In kuwa bayan raina aka tsince shi, mai karatu ya sani ban rubuta don neman ra'ayin kowa ba. Ra'ayi ya ishe ni. Falona cike yake da shi duk ranar Alhamis.

Talata, da hantsi

An yi ruwa da asuba. Ɗana Injiniya ya fita ya dawo. Bai kai ga wurin ganawar neman aikin ba. Na sa ya shigo da motar marigayi mahaifinsa har ƙarshen tsakar gida, mun rufe ta da tamfol saboda damina. Dama tuntuni ya kamata a rufe ta.

Talata, da yamma

Bai ci abinci ba. Na wanke tsakar gida, har wajen tayoyi.

Laraba, bayan azahar

Matar Tela ta leƙo ta kan katanga tun ban gama shanya ba, zani a ƙirji, bakin nan nata yana rawa saboda ɗokin labari. Wai jiya da sassafe mota ta kaɗe Baba mai agogo a mahaɗar titi, yana kan kekensa zai je buɗe rumfa, direban kuma bai tsaya ba. Yana asibiti, bai farfaɗo ba. Ta faɗa mini sau biyu, na biyun ta ƙara jini.

Akwai mutanen da masifar wani ita ce karin kumallonsu. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na shige ciki.

Ta bi ni da murya: "Maman Injiniya, gobe dai akwai Mai Lemo ko?"

Na ce akwai. Me zai hana?

Alhamis, bayan magariba

Sun zo kamar yadda suka saba. Tun da marigayi ya sayi babbar talabijin da batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, falona ya zama gidan kallon layin nan duk Alhamis da la'asar. Wata tasha tana maimaita tsohon shirin nan na binciken kisan kai da muke kallo tun ina makarantar sakandare. Wani gajeren tsohon ɗan sanda ne, kullum yana ɓare lemo da 'yar wuƙa in yana yi wa mutum tambayoyi, shi ya sa muke ce masa Mai Lemo. Na yarda da shirin ne a gidana don babu tsiraici, babu rawa, kuma mai laifi ba ya tsira. Yara su ga ƙarshen mugunta.

Masu zuwa dai su ne: Matar Tela, da Nas ta gidan da ke kallon namu, da Mai Kanti wanda ke barin yaronsa a shago ya zo ya cika mini kujera da tumbi. Sai Baba mai agogo, da ke zama bakin ƙofa a kan 'yar kujerarsa ta katako, wadda ya kawo da kansa ya bari a nan don ya ce kujerun kushin suna sa shi barci. In an gama sai kowa ya zubo ra'ayinsa, sannan a juyo gare ni in yanke hukunci. Alƙaliya suke ce mini. Ban taɓa hana su ba, domin gaskiya ce, a cikinsu ni kaɗai ke kallo da hankali.

Yau kujerar Baba ba kowa. Babu wanda ya matsar da ita.

Shirin na yau kashi biyu ne, sauran sai mako mai zuwa. Wani saurayi ne ya tura maigidansa daga saman bene, ya gudu gida da laka da jini a takalmi. Uwarsa, wata tsohuwa mai wankau da guga, ta dube shi ba ta tambaye shi komai ba, ta karɓi takalmin ta wanke, ta cusa masa takarda ta ajiye kusa da murhu. Da Mai Lemo ya zo ta ce ɗanta yana gida tun rana, tare suka ci abinci. Nan aka tsaya.

Tun ba a gama nuna sunaye ba Mai Kanti ya buga cinya. "Shirme! Ni da ni ne Mai Lemo, a minti biyu na kama ta. Ba ku ga idonta ba? Mai gaskiya ba ya kallon ƙasa."

Mutumin da yaron shagonsa ke kwashe masa sabulu a gabansa bai taɓa lura ba.

Matar Tela ta ce ita tsohuwar ce ma ta fi ba ta haushi, da ita ce da ta ja yaron da kunne har ofishin 'yan sanda. Ita da ɗanta ya fasa gilashin makaranta ta rantse da Allah yana kwance da zazzaɓi. Nas kuwa ta ce jinin da aka nuna bai yi kama da jini ba, ya cika ja. Kullum abin da take gani ke nan. A kashe mutum a gabanta, launin jinin za ta duba.

Suka juyo. "To Alƙaliya, me kika ce?"

Na ce kaina ke ciwo, a bari sai an ga ƙarshe.

Injiniya bai fito ba. Na ce musu mura yake yi.

Juma'a, da safe

Na haɗu da Nas a bakin famfo, ta dawo daga aiki. Ta ce Baba yana nan yadda yake. Sai ta yi dariya ta ce, "Maman Injiniya, lafiya kuwa? Kwana biyu ba mu jin faɗanki da safe. Ni fa da muryarki nake tashi, in na ji kina 'Injiniya, wannan kofin ubanka ne zai ɗauke maka?' na san lokaci ya yi. Shekaranjiya har makara na yi."

Na ce mai mura ba a yi masa faɗa.

Ta ce, "Ke? Ai da yana kwance da karaya ma kin yi masa."

Mace ba aure ba ɗa, sai kunne a bangon mutane.

Asabar, da safe

Na yi masa faɗa a tsakar gida, da ƙarfi, kan takalmin wanka da ya bari a hanya. Na haɗa da kofi. Na haɗa da gashin kansa da ya ƙi askewa. Ya tsaya kansa a ƙasa har na gama. Na ji Matar Tela tana dariya ta bayan katanga tana cewa, "Yauwa, gari ya waye."

Lahadi, da safe

Yau kan buta ne.

Lahadi, da yamma

Iska ta ɗaga gefen tamfol. Na ɗora bulo.

Litinin, bayan la'asar

Layin nan kowa ya zama Mai Lemo. Na fita sayen sukari na tarar da Mai Kanti ya tara mutane a bakin shago, har da lemo a hannunsa, wallahi, yana ɓarewa yana bayani. Wai ya je mahaɗar da kansa ya duba, ya ga ɓaraguzan fitila, ya ga farin fenti a jikin keken. Saboda haka farar mota ce. Kuma wace farar mota ce ke bin nan da asuba in ba motar burodi ba? Wani ya ce ai kuwa ya ga goshin motar burodin a lotse. Wani ya ce direban dama ba ya gaisuwa. Matar Tela ta ce idonsa ja ne.

Motar burodin nan a lotse take tun bara. Kowa ya sani. A gabansu ta daki turken wuta.

Mai Kanti ya ce, "Alƙaliya, ya kika ga binciken nawa?"

Na ce, "Ka auna mini sukarina daidai tukuna."

Suka kwashe da dariya, har da shi. Jahilci in ya samu talabijin ya fi jahilcin da bai samu ba. Farar mota a garin nan ai ba a ƙirga su.

Talata, da azahar

Baba mai agogo ya rasu.

Talata, da yamma

Auta ce ta faɗa wa Injiniya, ban hana ta da wuri ba. Na ji shi yana amai a banɗaki. Na ƙara ƙarar rediyo.

Laraba, bayan la'asar

Na je ta'aziyya. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, agogunan mutane rataye a bango kowanne da 'yar takardar sunan mai shi. Matarsa ƙaramar tsohuwa ce, ban taɓa yi mata kallon kirki ba sai yau. Ta riƙe hannuna ta ce kullum Alhamis sai ya dawo yana ba ta labarin shirin, yana cewa Alƙaliya ta yanke hukunci, ba ɗaukaka ƙara. Ta ce yana jin daɗin gidana.

Ni kuwa ban taɓa ɗaukar ra'ayinsa da daraja ba. Duk wanda Mai Lemo ya kama, sai Baba ya girgiza kai ya ce, "Kai, shi ma fa ɗan wani ne." Ko da mutum ya kashe uku. Na sha gaya masa irin wannan tausayin ne ya lalata zamani. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Alƙaliya," mako mai zuwa ya sake faɗa.

A wajen zaman ma ba su bari ba. Mata na jan carbi suna raɗa wa juna maganar direban burodi. Kafin in tashi labari ya zo cewa samarin layi sun tare shi a mahaɗa, sun fasa masa baki, 'yan sanda sun ƙwace shi sun tafi da shi da motar. Mai Kanti ne ya kai bayani.

Za su sake shi. Ai ba su da hujja.

Alhamis, da safe

Kan tawul. Muryata ta fara dushewa.

Alhamis, bayan magariba

Na so in ce batirin ya lalace, amma da na faɗa da Mai Kanti ya kawo mai gyara. Suka zo. Matar Tela ta ce a yi wa Baba addu'a kafin a kunna, aka yi a gurguje don an kusa farawa.

Ga yadda aka kama tsohuwar. Mai Lemo ya dawo gidanta ya zauna yana ɓare lemonsa, bai tambaye ta komai game da ranar ba. Hira kawai yake yi mata, yana yaba tsabtar gidan. Sai ya dubi takalman da ke jere bakin ƙofa. Duk na gidan da ƙura, na aikin yaron kaɗai ke ƙyalli har ƙasansa. Ya ce, "Ɗanki ya yi sa'ar uwa." Shi ke nan. Ta zauna a ƙasa. Yaron yana bayan labule yana ji, ya fito da kansa ya miƙa hannu. A ƙarshe an nuna ta ita kaɗai tana goge rigarsa, ba mai sawa.

Mai Kanti ya ce an cuce shi, wannan ba bincike ba ne, ina bin sawu, ina harbi? Takalmi kawai? Ya ce shi binciken da ya yi a layin nan ya fi wannan wahala. Nas ta ce kashi na ɗaya ya fi daɗi, wannan ya cika shiru, kuma tsohuwar ba ta iya kuka ba. Matar Tela ta ce ita abin da ya ƙona mata rai shi ne ba a ɗaure uwar ba. "Ai ita ce babbar mai laifi. Yaro tsautsayi ne da zafin zuciya, ita kuwa da hankalinta ta zauna ta wanke jinin bawan Allah. Irin waɗannan iyayen ne ke ɓata duniya. Ko ba haka ba, Alƙaliya? Ai maganarki ce kullum."

Maganata ce. Da bakina ta faɗe ta, har da yadda nake ɗaga yatsa.

Suka juyo gare ni suna jira. Na ce, "Wawuya ce. Da ta bar takalmin da ƙurarsa."

Mai Kanti ya yi dariya har da tari. Matar Tela ta ce, "Au, yau Alƙaliya ta koma lauya!" Nas ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Injiniya, ta ce murar nan ta daɗe, ko ta shiga ta duba shi? Na ce barci yake.

Mutum uku sun zauna sun kalli mace tana mutuwa a tsaye, abin da suka gani shi ne ba a yi harbi ba. Da Baba yana nan na san abin da zai ce. Na tsani sanin da na yi.

Juma'a, da hantsi

Ba su saki direban burodi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Wata yarinya ta yi sallama, goye da jariri, ƙafarta duk laka. Ban san ta ba. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa ta ce ita ce matar direban burodi. Wai an ce mata in akwai wanda layin nan ke jin maganarsa, ni ce.

"Mama, ki taimake ni ki yi musu magana. Wallahi ranar bai bi ta mahaɗa ba, ruwa ya cika hanyar, ta baya ya zaga. Ya faɗa musu sun ƙi ji. Sun ce ranar Litinin za a kai shi kotu. Mai gidan burodin ya riga ya ba wani motar. Mama, an ce ke ba kya tsoron faɗar gaskiya ko a gaban wa."

Na ba ta ruwa. Na ce ta daina zuwa gidajen mutane tana kuka, ba mutunci ba ne, ta je ta yi addu'a. Na ce in mijinta yana da gaskiya za ta fito. Ta ce, "To, Mama. Na gode, Mama." Har godiya ta yi.

Da za ta fita, jaririn ya miƙa hannu ya kama igiyar tamfol. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana ba ni haƙuri.

Tagar ɗakin Injiniya a buɗe take.

Asabar, da safe

Na fito da shi tsakar gida na fara, yau kan dutsen guga da ya bari a jone. Ban yi nisa ba ya ɗago kai. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar ruwan nan. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

A hankali ya ce, yadda katanga ba za ta ji ba, "Umma, don Allah ki daina."

Na ce, "Ni kake gaya wa in daina?"

Ya ce, "Tun ina yaro ban taɓa fasa ko cokali kin ƙyale ni ba. Kullum ina jiran ki yi mini faɗan, sai ki yi mini na buta. Umma, ki yi mini na gaskiyar. Ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba."

Matar Tela ta ɗaga murya daga can, "Maman Injiniya, a yi masa a hankali, ango ne na gobe!"

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Asabar, bayan azahar

Na aiki Auta gidan yayata. Na kira shi ɗakina, na rufe taga. Na yi masa.

Ban taɓa yin faɗa da ƙaramar murya ba sai yau. Na tambaye shi wa ya koya masa barin mutum a ƙasa. Na ce tsautsayi na Allah ne, amma ƙafar da ta taka totur bayan an ji ƙara tasa ce. Na ce tsohon nan shi ya gyara masa agogon da ya tafi da shi jarrabawa bai karɓi komai ba. Na ce da ya tsaya ya ɗauke shi, ko da ya mutu a hannunsa, da yau ina iya kallon matarsa. Na ce ubansa ya tuƙa motar nan har ya bar duniya ko kaza bai taka ya wuce ba. Ban rage komai ba. Yana durƙushe yana kuka yana cewa, "Haka ne, Umma. Haka ne." Da na gama ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa buhu, ya ce yana jin yunwa.

Akwai abin da zai iya ce mini bai ce ba. Ranar da safe ya ce hannunsa bai faɗa a tuƙi ba tukuna, ga ruwa, gara ya hau motar haya. Aka ce masa ɗan marigayi ba zai shiga ofishin mutane da laka a takalmi ba, alhali ga mota a gida. Bai tuna mini ba. Da ya tuna mini da na fi samun sauƙi.

Ya cinye shinkafar har ya ƙara.

Lahadi, da safe

Ban yi faɗa ba. Duk mai son tashi ya sayi agogo.

Lahadi, da yamma

Shi ya ce gobe zai kai kansa, kafin a fita da direban burodi zuwa kotu. Ban sa shi ba, ban hana shi ba. Na goge masa farar rigar da ya sa ranar ganawar. Ina cikin gugar na tuna tsohuwar cikin shirin, na ajiye dutsen gugar na zauna. Nas ta ce ba ta iya kuka ba. Nas ba ta san komai ba. Haka ake yin sa.

Ya ɗauko takalminsa zai goge, na ce ya bar shi yadda yake.

Litinin, da azahar

Da safe na ɗauke bulon, shi ya janye tamfol. Na buɗe ƙofar gida duka biyun na bar ta a buɗe, duk mai ido ya gani. Mai Kanti yana share gaban shago, ya dubi goshin motar, ya dubi fitilar, tsintsiyar ta tsaya a hannunsa. Babban mai bincike. Kullum Alhamis yana wucewa ta gefenta har yana jingina da ita ya cire takalmi.

A ƙasa muka tafi ofishin 'yan sanda. Yana gaba ina baya, kamar ranar da na fara kai shi makaranta, sai dai ranar ni ce a gaba. Ya yi musu bayani da bakinsa. Da suka tambayi wanda ya ba shi makulli ya yi shiru, ni na amsa. Suka rubuta.

Na ga an fito da direban burodi, leɓensa a kumbure. Matarsa tana zaune a kan dakali da jaririn. Ta gan ni ta taso da murna za ta durƙusa, ta ɗauka magana na zo yi musu. Sai wani ɗan sanda ya gaya mata. Ta tsaya ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Ta gyara goyonta ta juya.

Ni kaɗai na dawo.

Talata, da yamma

Na je wurin matar Baba. Abin da muka yi da ita ba na littafi ba ne.

Laraba, da safe

Na kai wa Injiniya abinci. Ya ce yana barci sosai.

Alhamis, bayan la'asar

Ban zaci za su zo ba, sai ga su. Ba shirin ya kawo su ba, ni suka zo kallo. Matar Tela da fuskar jaje, tun daga ƙofa tana cewa ita dama jikinta ya ba ta, tun ranar da ta ga an wanke tsakar gida ba ranar wanki ba. Mai Kanti ya ce ai a gaskiya bincikensa bai kauce ba, ya ce farar mota, farar mota ce kuwa. Na tambaye shi ko ya je ya ba direban burodi haƙuri. Ya ce ai kuskure ne na aiki, ko Mai Lemo yakan yi. Matar Tela ta ce, "Ni dai na ce uwa uwa ce, ko ni ce haka zan yi." Ita da makon jiya ta nemi a ɗaure tsohuwa.

Nas ce kaɗai ba kallona ya kawo ta ba. Ta kawo lemo a leda ta ajiye a kicin, ta ce a kai wa Injiniya. Wataƙila na yi mata rashin adalci a wasu shafukan. Ba zan goge ba.

Mai Kanti ya duba agogo ya ce an kusa farawa, ya nemi wurin zama, ya jawo kujerar Baba da ƙafa zai ɗora tumbinsa a kai. Na ce ya mayar da ita inda ya same ta.

Sannan na tsaya a tsakiyar falona na gaya musu, da muryar da suka ce suna kewarta, kuma na kira Auta ta ji don ita ma ya shafe ta. Na sake rubutawa a nan don kada wani ya ce bai ji ba.

Daga yau, duk mai son kallon Mai Lemo a gidan nan ya zo, ƙofa a buɗe take. Amma in an gama a kashe talabijin, kowa ya ɗauki takalminsa da ra'ayinsa ya fita da su. Ba a yanke wa kowa hukunci a falon nan, na cikin akwati ko na waje, kuma duk wanda ya sake ce mini Alƙaliya ya yi zuwansa na ƙarshe. Kujerar bakin ƙofa ba a zama a kanta, ba a matsar da ita. Wanda bakinsa ya ƙi rufuwa, dole sai ya ce wani abu game da wanda aka kama, magana ɗaya na yarda a faɗa a gidana, ita ce ta mai kujerar: shi ma ɗan wani ne.